Idan Sofiya ta sa hannu, me ya rage tsakaninta da Tomas?

Maman Nawal: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kai babi na goma sha huɗu a littafin da nake rubutawa, kuma na cije, shi ya sa na kawo muku shi tun kafin in raɗa masa suna. Labarin a Ingila yake faruwa, a birnin Mancesta, inda na yi shekara biyu ina karatu. Tomas da matarsa Helin sun shekara tara da aure babu haihuwa, domin cutar daji ta sa an cire mata mahaifa, amma kafin a yi aikin likitoci sun ɗebi ƙwayayenta sun haɗa da maniyyin mijin, suka adana 'yan tayin a cikin sanyi. Sofiya bazawara ce mai aikin kula da tsofaffi, wadda ɗanta ɗaya tilo ya rasu yana da shekara huɗu, kuma ita ce ta yarda a dasa mata ɗan tayin ta raini cikin, ta haifa musu. Cikin yana wata uku ciwon Helin ya dawo, yana wata shida ta rasu. Daga nan Tomas ya rasa inda zai sa kansa, ya koma raka Sofiya awon ciki, ita kuma ta koma ita kaɗai ce yake iya ambaton sunan matarsa a gabanta ba tare da an ce masa ya yi haƙuri ba. A babin da na tsaya, an haifi yarinya. Tambayata ita ce, in aurar da su ne, ko in raba su? Zuciyata tana son auren, amma duk lokacin da na zauna rubuta shi sai in ji kamar ina yi wa wani ƙarya.

Nura Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam Anti. Ni dai ban ga abin cijewa a nan ba. Mutum biyu kowa mutuwa ta yi masa yankan ƙauna, ga jaririya da ke buƙatar uwa, ga uwar da ta rasa ɗa. Mai karatu zai bi ki babi goma sha huɗu yana share hawaye, sannan ki sallame shi hannu rabbana? A wajenmu ma ai ba baƙon abu ba ne mace ta rasu ta bar jinjiri, dangi su ba mijin ƙanwarta domin yaron ya tashi a hannun wadda ta san zafinsa. Ki ɗaura auren nan kawai, Allah ya ba su zaman lafiya.

Barista Zainab: Yaya Maman Nawal, ina ganin na san inda ƙaryar da kike ji take, kuma tana cikin dokar ƙasar da kika zaɓa. A Ingila, matar da ta haifi yaro ita ce uwarsa a idon doka, ko da kuwa babu ɗigon jininta a jikinsa, kuma yarjejeniyar da aka ƙulla da ita kafin haihuwa ba abin da kotu za ta tilasta mata cikawa ba ne. Dokar farko a kan lamarin an yi ta ne a 1985, bayan hayaniyar da ta tashi lokacin da wata mata mai suna Kim Cotton ta karɓi kuɗi ta haifa wa wasu ma'aurata jaririya, kuma tun daga lokacin aka hana mayar da abin kasuwanci. Abin da aka san ana ba mai ɗaukar cikin shi ne kuɗin ɗawainiyar da ta yi. Kafin haƙƙin iyaye ya koma hannun masu ɗan tayin, sai sun nemi umarnin kotu, kuma kotu ba ta karɓar amincewar wadda ta haihu sai jaririn ya cika mako shida a duniya. Tun daga 2019 mutum ɗaya ma yana iya neman wannan umarni idan yaron jininsa ne, saboda haka mutuwar Helin ba ta rufe wa Tomas ƙofa ba. Kin kuma yi dabara da kika sa Sofiya ba ta da aure, domin da tana da miji wanda ya amince da dashen, shi doka za ta fara ɗauka a matsayin uba.

To ki duba abin da wannan yake nufi ga soyayyarki. Tsawon mako shida Tomas yana zaune ne a ƙarƙashin alƙalamin Sofiya. Duk shayin da ya haɗa mata, duk daren da ya kwana a kujerar asibiti, mai karatu mai hankali zai tambayi kansa: so ne, ko tsoron kada ta ƙi sa hannu? Ita ma Sofiya, idan tana da kaifin tunani, dole wannan tambayar ta hana ta barci. Idan kika ɗaura musu aure kafin a warware wannan, kin binne tambayar ne da ranta.

Nura Ɗan Fagge: Barista, da girmamawa, littafin soyayya ake rubutawa, ba takardar shigar da ƙara ba. Wane ne a cikin masu karanta littafi a waya da daddare zai tsaya lissafin mako shida?

Barista Zainab: Malam Nura, ba sai ya san dokar ba, marubuciya ce za ta sa ya ji nauyinta. Shari'ar da ta fi shahara a wannan fage, wadda aka yi a jihar New Jersey ta Amurka, ta samo asali ne daga irin waɗannan kwanakin. Mary Beth Whitehead ta amince da dala 10,000 domin ta haifa wa William Stern da matarsa, ta haihu a 1986, sannan ta ji ba za ta iya rabuwa da yarinyar ba. A 1988 kotun ƙolin jihar ta ce yarjejeniyar ba ta da inganci, ta bar riƙon yarinyar a hannun uban, ta kuma tabbatar wa Whitehead matsayinta na uwa da damar ziyara. A can ƙwan nata ne, ba kamar Sofiya ba, amma abin da ya girgiza mutane shi ne yadda alkawarin da aka ɗauka da hankali kwance ya narke ranar da aka ji kukan jariri. Babu wani babi na soyayya da zai fi wannan riƙe mai karatu.

Malam Habibu: Hajiya, Allah ya ƙara basira. Tunda da Hausa kike rubutawa, kuma mafi yawan masu karanta ki Musulmi ne, ya kamata ki san inda malamai suka tsaya, ko da mutanen labarinki ba Musulmi ba ne. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Musulmin duniya, wato Rabiɗa, da ke Makka ta taɓa yin sassauci a 1984 a sura guda, wato a dasa ɗan tayin mace a mahaifar kishiyarta, tunda mijinsu ɗaya. Shekara ɗaya bayan haka, a 1985, ta janye wannan sassaucin, saboda kishiyar tana iya ɗaukar nata cikin a daidai wannan lokaci, a rasa gane wace ce uwar wane. A 1986 kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman, ta haramta duk surar da wani na uku ya shiga tsakanin miji da mata, ta halatta dashen da aka yi da ƙwan matar da maniyyin mijinta a mahaifarta ita kanta, idan akwai buƙata. Wannan shi ne abin da jumhurin malaman Sunna suke kai. A Iran ne wasu malaman Shi'a suka yi sassauci, kuma ana yin abin a asibitocinsu.

Abin da nake so ki lura da shi, domin zai amfani labarinki, shi ne saɓanin da ya biyo baya: idan an riga an yi, wace ce uwa? Wasu malaman sun kafa hujja da aya ta biyu ta Suratul Mujadala, wadda ta ce uwayensu su ne waɗanda suka haife su, da ayar Suratul Ahƙaf da ta ambaci wahalar ɗaukar ciki da wahalar haihuwa, suka ce uwa ita ce wadda ta yi naƙuda. Wasu suka ce asalin yaro daga ƙwai yake, saboda haka mai ƙwan ce uwa, ita kuwa wadda ta raini cikin a ba ta hukunci irin na uwar shayarwa. Kin ga ke nan tambayar da ke cin Sofiya ba ƙaramar tambaya ba ce, manyan malamai ma sun yi ta juya ta. Roƙona kawai shi ne kada ki zana abin kamar wata hanya mai sauƙi da macen da ba ta haihu ba za ta bi gobe da safe.

Hadiza Maraɗi: Ni tambayata ta sha bamban. Me ya kai mu Ingila? Muna da riƙo, muna da matar da ke rainon ɗan kishiyarta bayan ta rasu, muna da wadda ake ba ɗan ƙanwarta ranar yaye domin a share mata hawayen rashin haihuwa. Duk ciwon da kike nema yana cikin gidajenmu, kuma ba sai Malam ya tashi yi mana gargaɗi ba.

Maman Nawal: Na gode Malam, kuma na ɗauki gargaɗin. Ƙanwata Hadiza, na yi wannan tunanin kafin in fara. Bambancin shi ne ɗan riƙo kowa ya san uwarsa, ko ba a faɗa ba unguwa ta sani, kuma ranar aurensa za a nemi dangin da suka haife shi. Yarinyar da ke labarina kuwa tana da uwa biyu, kowace da rabin hujja: ɗaya ta ba ta kama da jini amma tana kabari, ɗaya ta ba ta wata tara da naƙuda amma ta yi alkawarin ba za ta kira ta tata ba. Idan na kawo wannan Kano ko Maraɗi, na sa wa mutanen sunayenmu, littafin zai koma gardama a kan halal da haram tun daga shafin farko, kuma da gaskiyar masu gardamar. Na bar shi inda doka ta yarda da abin, domin mai karatu ya samu sararin kallon zukatan mutanen.

Anti Rabi Ungozoma: 'Yata, shekarata ashirin da shida ina karɓar haihuwa, bari in faɗa miki abin da ban gani ba a bayaninki. Kin ba mu zuciyar Sofiya, ba ki ba mu jikinta ba. Jiki bai san yarjejeniya ba. Kwana biyu zuwa huɗu bayan haihuwa ruwan nono zai sauko mata, ƙirjinta ya yi tauri ya yi zafi, ko an ɗauke jaririyar ko ba a ɗauke ba. Jinin biƙi zai yi ta zuwa har wajen mako shida. Yawancin masu jego suna samun 'yan kwanaki na kuka babu dalili a makon farko, balle wadda ta taɓa binne ɗa. Ita ma jaririyar ba ta zo duniya a matsayin baƙuwa ga Sofiya ba, domin jinjiri yana jin sauti tun yana ciki a watannin ƙarshe, kuma yana bambance muryar wadda ta ɗauke shi da sauran muryoyi. Ranar da yarinyar ta ƙi yin shiru a hannun ubanta, ta yi tsit da jin muryar Sofiya daga bakin ƙofa, to kin samu babinki.

Da Barista ta ce mako shida, sai na yi murmushi, domin kwana arba'in da biyu ke nan, kusan daidai da arba'in ɗin da muke tsare mai jego a ɗaki ana yi mata wankan ruwan zafi da kunun kanwa. Su da dokarsu, mu da al'adarmu, duk an gane cewa macen da ba ta fita daga waɗannan kwanakin ba, ba a neman babbar magana a bakinta. To idan ba a karɓar sa hannunta a kan takarda, don me za a karɓi amincewarta da aure?

Abu na biyu, ki gyara farkon labarin. Asibitocin da ke wannan aiki suna zaunar da mai ɗaukar cikin su tattauna da ita kafin a fara, kuma macen da ɗanta tilo ya rasu za a yi mata tambayoyi sosai. Ko dai ki nuna shekaru sun ja tun rasuwar, ko ki nuna ta ɓoye zurfin ciwonta a gaban masu tambayar. Na biyun ya fi daɗin labari, kuma ya fi kama da halin mutane.

Ummu Sadik: Ban cika magana a zauren nan ba, amma wannan ya taɓa ni. Na shekara goma sha ɗaya ban haihu ba. An yi mini dashe sau biyu a wani asibiti mai zaman kansa, muka sayar da fili, duka biyun ba su zauna ba, kuma a karo na biyu ta waya wata ma'aikaciya ta sanar da ni sakamakon, cikin gaggawa kamar mai karanta lissafin kuɗin wuta. Daga baya Allah ya ba ni ba tare da wani magani ba. Abin da nake so in ce shi ne, duk kuna maganar Sofiya da Tomas, babu mai maganar Helin. Ita ce ta sha allurai, ita aka yanka, ita ta zauna ta kalli cikin 'yarta yana girma a jikin wata mace tana murmushin dole. Na san wannan murmushin, na yi shi a gidajen suna da ba zan iya ƙirgawa ba. A irin waɗannan labaran, matar da ba ta haihuwa takan zama tsani ne kawai: a kashe ta a tsakiyar littafi domin mai haihuwa ta gaji mijin da ɗan da ɗakin. Idan haka naki zai ƙare, Hajiya, ni ba zan iya karanta shi ba, kuma akwai irina da yawa a cikin masu sayen littattafanku.

Maman Nawal: Yaya Ummu Sadik, Allah ya raya abin da ya ba ki. Maganarki ta fi kowace yi mini nauyi, domin gaskiya ne, tun babi na tara ban sake barin Helin ta yi magana ba, sai dai a tuna da ita.

Nura Ɗan Fagge: Allah ya ba da haƙuri, Hajiya Ummu Sadik. Amma ina so a yi wa Tomas adalci. Namiji ba shi da takaba, kuma wanda ya rasa mata ba a ce ya mutu tare da ita ba. Idan ya so Sofiya, ba cin amanar Helin ya yi ba. Ni abin da ba na so shi ne a mayar da Sofiya 'yar aiki, ta haihu, a ce an gode, ta koma ɗakinta ita kaɗai da hoton ɗanta.

Barista Zainab: A nan kam na yarda da kai, Malam Nura, kuma abin da kake tsoro shi ne abin da ya fi faruwa a zahiri inda aka mayar da abin haya maimakon aro. A garin Anand na jihar Gujarat a Indiya, matan talakawa sun riƙa zama a gidajen kwana na asibiti har su haihu wa baƙi daga ƙasashen waje, kafin gwamnati ta rufe ƙofa ga baƙin a 2015, sannan dokar 2021 ta hana biyan kuɗin hayar gaba ɗaya. Tailan ma ta hana baƙi a 2015, bayan labarin wani jariri mai larura da aka bari a hannun wadda ta haife shi, aka tafi da 'yar'uwar tagwaicinsa Ostireliya. A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe iyakoki, an ga jarirai jere a wani otal a birnin Kiyef na Yukren suna jiran iyayen da suka kasa shigowa. A duk waɗannan labaran, wadda ta yi naƙudar ita ce ake fara mantawa da ita. Sai dai maganin mantuwa ba lallai ne ya zama aure ba. Sofiya mai aikin kula da tsofaffi ce, Tomas kuwa na ɗauka yana da hali tunda ya iya biyan kuɗin dashe. Idan ta shiga gidansa kai tsaye daga ɗakin haihuwa, wasu za su ce ladan aikinta aka biya ta da zobe.

Malam Habibu: Ƙarin bayani kaɗan a kan maganar takaba. Gaskiya ne wata huɗu da kwana goma a kan mace suke, amma rashin wajabta wa namiji ba ya nufin zuciyarsa ta warke ranar sadakar uku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ci gaba da ambaton Nana Khadija shekaru bayan rasuwarta, yana aika wa ƙawayenta nama idan an yi yanka. Saboda haka sabon aure da riƙe alkawarin wadda ta tafi suna iya zama a zuciya ɗaya, kuma wannan ne ya kamata a gani a halin Tomas idan ana so mai karatu ya girmama shi.

Hadiza Maraɗi: To na sauko daga maganar Ingila, amma ina mahaifiyar Helin? Ba a taɓa haihuwar jika a rasa kaka a bakin gado ba, ko a wace ƙasa ce. Matar da ta binne 'yarta wata uku da suka wuce, aka miƙo mata jaririya mai idanun 'yar tata sak, sannan ta ga wata baƙuwa tana ba ta nono a ɗakin marigayiyar. Idan kina neman wanda zai tsaya wa Helin kamar yadda Yaya Ummu Sadik ta nema, ga ta nan, kuma ba sai kin mayar da ita muguwar suruka ba.

Maman Nawal: Wallahi na kashe ta tun a babi na biyu domin in rage yawan mutane, yanzu dole in tashe ta. Ga abin da na tsayar bayan na karanta ku duka. Sofiya za ta zauna a gidan kwanakin jegon saboda yarinyar ta ƙi karɓar madarar gwangwani, kuma mahaifiyar Helin ce za ta kula da ita, ba Tomas ba, da duk abin da hakan zai haifar tsakanin matan biyu. Tomas ba zai furta komai ba a wannan lokaci, domin ya san duk abin da ya faɗa za a auna shi da takardar da ke jira. Ranar da mako shida ya cika, Sofiya za ta sa hannu, ta haɗa kayanta ta koma gidanta da aikinta, ba tare da an yi mata alkawarin komai ba. Helin kuma za ta dawo cikin littafin da muryarta, ta wasiƙun da ta rubuta wa 'yarta a watanni ukun da ta san ba za ta gan ta ba, kuma a cikinsu ba zan sa ta yi wa kowa wasiyyar aure ba, domin wannan ma hanyar tsira ce ta marubuci mai gaggawa. Sai bayan kotu ta gama nata, lokacin da babu abin da ɗayansu yake riƙe da shi na ɗaya, Tomas zai je ya ƙwanƙwasa ƙofarta.

Nura Ɗan Fagge: To za ta buɗe, ko ba za ta buɗe ba?

Anti Rabi Ungozoma: Kai dai Nura ka cika gaggawa. Ni abin da nake so in sani, 'yata, shi ne wa zai yaye yarinyar idan Sofiya ta tafi tana da mako shida, domin jaririn da ya saba da nono ba ya karɓar bulumboti don kotu ta ce. Ki ba wannan babi guda cur, ki sa uban da kakar su kwana uku ba su runtsa ba, ita kuma can tana matse ruwan nono a cikin kwalba tana rasa wanda za ta aika ya kai.

Maman Nawal: Shi zan fara rubutawa a daren nan, Anti. Malam Nura, za ta buɗe, amma a wannan ranar ba shi kaɗai zai zo ba, kuma ba shi ne zai fara magana ba. Barista, zan turo miki babin kotun ki duba mini kafin in saka shi ranar Asabar.